Tsuntsayen tsakar gidanmu da littafin da ya dace da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ba a cika kawowa a shafukanku ba, wato sanin tsuntsayen da muke kwana muke tashi da su a cikin gidajenmu, da irin littafin da ya kamata mai neman wannan ilimi ya saya. Na san wasu masu karatu za su ce ana fama da tsadar hatsi da sha'anin tsaro, wani kuma ya zo da zancen kurciya. Ban ga laifinsu ba. Sai dai manomin Adar bai taɓa ɗaukar tsuntsu abin wasa ba, tun da ganin shamuwa ke sa shi ya fiddo iri ya gyara sungumi, ganin garken jan baki kuma ke hana shi barci idan gero ya fara nuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a nan Tawa an fara samun matasa, musamman ɗalibai da malaman makaranta, masu sha'awar wannan fanni, kuma tambayar da suke fara yi ita ce wane littafi za su nema. Tambayar tana da kyau, amma ta yi gaggawar zuwa. Littafin gane tsuntsaye ba ya gane wa mutum komai. Aikinsa shi ne ya tabbatar da abin da ido ya riga ya gani, kunne ya riga ya ji, ko kuma ya ƙaryata shi. Wanda bai koyi kallo ba, ko an ba shi littafin da ya fi kowane tsada, zai yi ta juya shafuka ne har tsuntsun ya tashi, sannan ya zaɓi hoton da ya fi burge shi ya ce shi ya gani.

Kallon kuwa yana da tsarinsa. Ana farawa da girma, kuma ba a bukatar ma'auni, domin kowane ɗan ƙasar nan ya san gwara, ya san kurciya, ya san hankaka, sai ya tambayi kansa tsakanin waɗanne biyu baƙon nasa ya faɗa. Daga nan sai baki, wanda shi ne ke tona asirin sana'ar tsuntsu: gajere mai kauri na mai fasa tsaba ne, siriri mai tsini na mai cin ƙwari, dogo mai lanƙwasa na mai shan zaƙin fure, mai ƙugiya kuma na mai cin nama. Sai a dubi wutsiya, doguwa ce ko guntuwa, a rabe take ko a dunƙule. Sai a lura da hali, ko tafiya yake yi a ƙasa ko tsalle, shi kaɗai yake ko cikin garke, a kan wayar lantarki yake zama a fili ko cikin duhun ganye yake ɓuya. Launi shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ido ke fara kamawa, saboda babu abin da ya kai shi ruɗi a ƙasarmu. Shaya idan tana inuwa baƙa ce wuluk, da ta fito rana sai ta koma shuɗi da kore mai ƙyalli, kuma a ranar da hazo ya sauko kusan kowane tsuntsu ruwan ƙasa yake zama.

A gwada wannan tsari da dangin kurciya, waɗanda kowa ke jin ya gama saninsu. Kurciyar da ta fi yawa a tsakar gida ƙarama ce, kanta da ƙirjinta suna da ɗan ja-ja, a gaban wuyanta akwai ɗige-ɗige baƙaƙe, fiffikenta yana da shuɗi mai toka, kuma ƙeyarta wayam take. Idan aka ga mai baƙin zane a ƙeya, to, wata ce daban, kuma masu wannan zane a yankinmu sun kai iri uku da sai an dubi ido an saurari kuka kafin a raba su: akwai mai ido ruwan ɗorawa da jan zobe kewaye da shi, wadda ta fi son bakin ruwa, akwai mai hasken jiki ta busasshen daji, akwai kuma ƙarama mai duhun ido da ke yini tana maimaita kuka ɗaya ko da tsakar rana. Hasbiya ba ta da wuyar ganewa, ga girma, ga fararen ɗige a fiffike, ga jar fata kewaye da ido. Bardo kuwa shi ne ƙaraminsu mai doguwar wutsiya, namijin fuskarsa da maƙogwaronsa baƙi ne, macen ba ta da wannan baƙin, har wanda bai sani ba yakan ɗauka iri biyu ne. Mutumin da ya iya raba waɗannan shida ba tare da littafi ba ya riga ya yi rabin karatun.

Wurin da ya fi dacewa a koyi ƙananan tsuntsaye shi ne gindin turmi, bayan mata sun gama surfe sun shiga ɗaki. A ajiye kasko da ruwa a inuwar dogon yaro, a sa ɗan dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa, a koma gefe a zauna shiru, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke kai maƙura. Wadda takan fara saukowa ita ce ƴar jar nan da ake kira baiwar Allah, wadda tsawonta bai wuce santimita 10 ba, ba ta tsoron mutane, har cikin ɗaki take shiga ta yi sheƙa a jinka ko a ramin bango. Namijin ja ne kusan duk jikinsa, da siririn zobe ruwan ɗorawa a ido. Macen ruwan ƙasa ce, jan nata ɗan ɗigo ne a gaban ido da kuma gindin wutsiya, kuma idan ta matso kusa za a ga ƙananan fararen ɗige a gefen ƙirjinta. Bayanta sai asisi mai shuɗin ciki, wanda namijinsa ke da jan tabo a kunci, macen babu. Ba sa shan ruwa kamar yadda kurciya ke sha: su sai sun tsoma baki sun ɗaga kai sama, ita kuwa kurciya takan nutsa bakinta ta zuƙa har ta ƙoshi ba ta ɗago ba. A riƙa sauya ruwan kowace rana saboda sauro, kuma kada a ajiye kaskon kusa da inda kyanwa za ta iya laɓewa.

Da damina mai lura zai ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai ƙyalli, da farin baki da jajayen ƙafafu, yana zaune a saman itace yana ta waƙa a gidan da baiwar Allah ta yi yawa. Ba banza yake nan ba. Macensa ba ta yin sheƙa, a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwanta, ƴaƴanta kuma suna fitowa da alamomin cikin baki irin na ƴaƴan masu gida, don haka ake ciyar da su tare ba a gane baƙo ba. Namijin da ya tashi a wannan sheƙa yakan koyi kukan uwar riƙonsa ya sa shi cikin waƙarsa, kuma da wannan kukan macen irinsa ke gane shi. Duk wannan yana faruwa a kan katangar gidajenmu, ba sai an je gandun dajin W ba.

Inda sabon shiga ya fi shan wuya shi ne wajen tsuntsayen da ke sauya riga. Mulufi da muke gani ja da baƙi a kan karan dawa cikin watan Agusta, da kaka ta wuce sai ya zubar da wannan ado ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane, babu mai raba shi da macensa sai gwani. Haka kabare mai saƙa sheƙa a rassan itace, wanda da damina kansa baƙi ne, jikinsa ruwan ɗorawa, idonsa ja; haka zalaidu da ke yar da doguwar wutsiyarsa idan lokacin aure ya wuce. Mutane sukan ce sun tafi, alhali da yawansu suna nan cikin garken ƙananan tsuntsayen da ke kiwo a bakin rumbu. Wannan ba zancen nishaɗi kaɗai ba ne. Jan baki, wanda masana ke cewa babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya, yana riƙe jan bakinsa da rani, macen ce kawai bakinta ke komawa ruwan ɗorawa a lokacin ƙwai. Akwai kuma gwara mai ruwan ɗorawa da jan baya, ta yankin Sahel, wadda ita ma takan yi wa gero ɓarna. Manomin da ya iya gaya wa jami'an kare amfanin gona wane iri ne ya sauka, a ina yake kwana, ya taimaki kansa ya taimaki maƙwabtansa, domin maganin da ake fesawa a makwancin tsuntsaye ba ya zaɓe, yana kashe mai laifi da marar laifi, har da masu cin fara da tsutsa.

Lokacin shekara ma shaida ne. Shamuwa tana iso mana ne gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan gawo ko tsamiya a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta cin fara, idan kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda damina ke farawa a lokacin. Da ta tafi sai wasu baƙin su iso daga arewa, waɗanda suka ƙetaro teku da hamada daga Turai. A cikinsu akwai siririn nan mai ruwan ɗorawa a ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa, da wata kurciya mai zanen baƙi da fari a gefen wuya, da ƙananan masu cin ƙwari da ke cika gawo, tun da shi gawo da rani yake fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar. Dangantakar nan tana da ƙarfi ƙwarai: a 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun tarar fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai koma musu ba, da aka bincika sai aka gano farin da ya afka wa Sahel ne ya cinye su. Hatta shirwa iri biyu ce, tamu mai baki ruwan ɗorawa, da ta Turai mai baƙin baki da ke zuwa da rani. Saboda haka duk wanda zai rubuta abin da ya gani, ya fara da kwanan wata.

Yanzu sai maganar littafi. Sharaɗin farko, wanda idan ya faɗi sauran duk sun faɗi, shi ne littafin ya zama na yankinmu. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma littattafan nan ma haka suke. A wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titunan Yamai akan ci karo da kyawawan littattafan tsuntsaye da baƙi suka bari, na Faransa ko na Turai gaba ɗaya, wani lokaci har na Amurka, da takarda mai sheƙi da araha mai jan hankali. Na Amurka ba shi da wani amfani a nan in ban da kallon hoto. Na Turai ya fi haɗari, domin yana kusa da gaskiya. Ɗalibin da ya ga shamuwa a kan gawon unguwarsu ya buɗe irin wannan littafi zai tarar da wani babban tsuntsu baƙi mai farin ciki, ya yi murna ya rubuta sunansa. Amma wancan na Turai ne, ya fi shamuwa girma, bakinsa da ƙafafunsa jajaye ne, yana gudun mutane, kuma idan ya zo Sahel da rani yake zuwa ya tsaya a bakin tafki. Shamuwarmu bakinta toka-toka ne, fuskarta tana da shuɗi a lokacin ƙwai, gindin bayanta fari ne idan ta tashi, kuma ba ta cikin littafin sam. Littafin da babu tsuntsunka a ciki ba zai ce maka babu ba, zai miƙo maka mai kama da shi ne.

Waɗanda aka rubuta don Afirka ta Yamma ba su da yawa, don haka zaɓin ba shi da wuya. Tsohon da iyayenmu malamai suka yi aiki da shi shi ne na William Serle da Gérard Morel, wanda ya fito da Turanci a 1977, aka fassara shi da Faransanci bayan shekara biyu. Ya yi zamaninsa, kuma bayaninsa a kan halayen tsuntsaye har yanzu yana da daɗin karatu, sai dai ba duk nau'o'in ya zana ba, wasu zanen ma baƙi da fari ne, sunaye da yawa kuma an sauya su tun daga lokacin. Wanda masu wannan harka suka dogara da shi a yau shi ne na Nik Borrow da Ron Demey. Babban ya fito a 2001, ƙaramin na ɗauka a hannu a 2004, aka sake shi da gyara a 2014, kuma akwai shi da Faransanci, abin da ya fi sauƙi ga wanda ya yi karatu a makarantunmu. Ya ƙunshi nau'o'i sama da 1,200, daga Muritaniya da Senegal har zuwa Cadi. Akwai kuma na Ian Sinclair da Peter Ryan na 2003, wanda ya haɗa duk ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, da nau'o'i sama da 2,000. A ganina wannan na matafiyi ne, bai dace da mai koyo ba, domin duk Nijar nau'o'in da aka tabbatar sun ɗan haura 500 ne, waɗanda ke shigowa tsakar gida a Tawa kuwa ƴan gomomi ne. Mai neman gwara ɗaya a cikin shafukan da suka tara gwarar Kenya da ta Namibiya wahalar da kansa kawai yake yi.

Akwai muhawara tsakanin masu son littafi mai hotunan kyamara da masu son mai zanen hannu, kuma ni ina tare da na biyun ba tare da wata tantama ba. Hoto tsuntsu ɗaya yake nunawa, a rana ɗaya, cikin haske ɗaya, wataƙila ya juya kai ya ɓoye ainihin alamar da ake nema. Mai zane kuwa yakan jera dangi duka a shafi guda, kowa ya fuskanci gefe ɗaya, namiji da mace da ɗan tsako, rigar damina da ta rani, a zaune da kuma a sama, yadda ido zai kama bambancin nan take. Wani Ba'amurke, Roger Tory Peterson, shi ya yaɗa wannan dabara a 1934, har da ƴan kibiyoyi masu nuna inda za a duba, kuma littattafan kirki na yau duk a kan wannan turba suke. Kafin mutum ya biya kuɗi, ya buɗe shafin tsuntsun da ya fi sani, kurciya ko hankaka ko balbela, ya ga ko zanen ya yi kama da abin da yake gani kullum. Idan mai zanen bai iya kurciya ba, babu dalilin yarda da shi a kan wanda ba a taɓa gani ba. Ya buɗe shafin mulufi ya ga ko an nuna rigar rani. Ya duba ko bayani da taswira suna fuskantar zanen, domin tsuntsu ba ya jiran a je shafi na ɗari uku a dawo.

Taswirar nan ƙarama da ke gefen kowane suna ta fi yadda ake zato muhimmanci. Ita ke nuna ko tsuntsun mazaunin wurin ne, ko baƙon damina, ko baƙon rani, kuma ita ke hana mutum ya yi iƙirarin ya ga tsuntsun kurmin Kamaru a Keita. Duk da haka a riƙa yi mata uzuri a kan ƙasarmu, saboda masu lura da suka yi aiki a Adar da Azawak kaɗan ne, kuma wani lokaci farin wuri a taswira yana nufin babu wanda ya je ya duba ne kawai. Sai kuma ƙarfin littafin kansa. Zafinmu yana narkar da gam, ƙura tana cin takarda, gara kuma ba ta san tsada ba, don haka wanda aka ɗinke da zare ya fi wanda aka manna, kuma ya kamata a yi masa riga da leda tun ranar farko. Game da tsada, gaskiya ce littafin kirki ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, kuma sau da yawa sai an yi saƙo daga waje. Amma babu dokar da ta ce kowa sai ya mallaki nasa. Guda ɗaya a ɗakin karatun makaranta, ko na haɗin gwiwa tsakanin abokai, ya isa.

Matasa za su ce wayar hannu ta raba gardama. Akwai manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, kyauta ce, ana sauke kason yankin da ake so a yi aiki da shi ko babu intanet, kuma tana da abin da takarda ba za ta taɓa bayarwa ba, wato sautin kuka. Wannan babban abu ne, domin tsuntsaye da yawa kunne ke fara gano su, kamar mai duhun kai ɗin nan da ke tashin unguwa da asuba daga cikin dogon yaro, ko ragon maza da ake jin kukansa daga lambu ba a gan shi ba. Amma sashen da ke saurare ya faɗi suna an fi horar da shi da tsuntsayen Amurka da Turai, kuma na'ura ba ta jin nauyin ba da amsar da ba daidai ba. A ɗauki abin da ta faɗa a matsayin shawara, a koma ga littafi da ido a tabbatar.

Madubin hangen nesa ba dole ba ne a tsakar gida, inda tsuntsun ke taku kaɗan daga tabarma. Wanda zai saya ya nemi mai lamba 8x32 ko 8x42; lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita, kuma abin da ya wuce 10 rawa yake yi a hannu. Ina jan kunnen ƴaƴanmu da abu biyu a nan. Kada a ɗaga madubi ta kan katangar maƙwabci, ko da alhudahuda ne ya sauka a can, domin gidan mutane yana da hurumi kuma babu mai gidan da zai karɓi wannan bayani. Kada kuma a fito da shi ko kyamara kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro a irin wannan lokaci da muke ciki. Idan an ƙware a gida ana son ganin na ruwa, tafkin Tabalak da na Ɗan Dutsi suna nan cikin jiharmu, dukansu an sa su a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2005, kuma da sanyi akan tarar da kirinjijiya da zalɓe da baƙin Turai masu dogayen ƙafafu. Sai dai a nemi shawarar mutanen wurin da hukuma kafin a kama hanya.

Abin da ya fi madubi amfani shi ne ɗan littafin rubutu da fensir. A rubuta rana, da wuri, da abin da aka gani kafin a buɗe littafin ganewa, don kada hoton ya sauya abin da ke cikin kai. Irin wannan rubutu ne ke zama hujja bayan shekaru. Duk wanda ya manyanta a garin nan ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta da kan rumfunan kasuwa har sai an kore ta, yau kuwa yaro zai iya girma bai ga guda ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu ta cikin gari a sahun halittun da ke dab da ƙarewa, kuma dalilan sanannu ne: gubar da ake sa wa mushe don kashe karnuka da diloli, da cinikin kanta da sassanta wajen masu magani. Da a ce wani malami a Tawa ko Ƙonni ya riƙa rubuta yawan da yake gani kowane wata tun daga shekarun 1980, da yau mun san shekarar da abin ya fara da inda ya fi tsanani, maimakon kowa ya ce da akwai, yanzu babu.

Wannan ya kawo ni ga ainihin roƙona, ya Edita. Duk littattafan da na ambata da Turanci ko Faransanci suke, babu sunan Hausa a cikinsu, alhali waɗanda suka fi kowa sanin tsuntsayen ƙasar nan, wato makiyaya da maharba da tsofaffin manoma da mata masu sussuka, ba su karanta ko ɗaya daga harsunan biyu. Ɗalibi yakan san sunan Faransanci bai san na kakarsa ba, kakar kuma ta san kuka da sheƙa da lokacin zuwa amma babu mai tambayarta. Ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 ya tattara sunayen tsuntsaye masu yawa, amma ƙamus ba littafin fita daji ba ne, ba shi da zane, kuma sunan da ake faɗi a Kano ba lallai ne shi ake faɗi a Adar ko Arewa ko Damagaram ba. Tun da dokar da aka fitar a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata a ga alamar haka a littattafan kimiyya na yara, ba a jawabai kaɗai ba.

Abin da muke bukata ƙaramin littafi ne mai araha, na tsuntsaye hamsin ko sittin da aka fi gani a gida da gona, kowane da zanensa na namiji da mace, da sunayensa na Hausa bisa yankuna, da na Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek inda aka samu, da na Faransanci, sannan da sunan kimiyya, wanda shi ne zai ɗaure su duka ya hana ruɗani, yadda shamuwa za ta zama Ciconia abdimii ko a wane gari aka buɗe littafin. Jami'ar Jibo Hamani ta nan Tawa da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai suna da malaman halittu da na harsuna da za su iya tantance aikin, ma'aikatan gandun daji suna da sanin wurare, kuma masu zane ba su ƙare a ƙasar nan ba.

Jaridarku za ta iya fara tara kayan aikin tun yanzu ba tare da jiran kowa ba. Ku ware ɗan gurbi kowane mako ku buga hoton tsuntsu guda da taƙaitaccen bayaninsa, ku nemi masu karatu su aiko da sunan da ake kiransa a garinsu, da watan da suke ganinsa, da abin da manya ke faɗa a kansa, a buga amsoshin a mako na gaba tare da sunan garin da kowace ta fito. Ina ba da shawarar a fara da dangin kurciya, tun da babu gidan da ba su shiga, a bi da ƙananan gindin turmi, a ajiye mulufi da kabare da zalaidu sai damina lokacin da kowa zai iya fita ya gan su da rigarsu. Idan kun amince, a shirye nake in aiko da bayanin kashin farko, kuma akwai abokan aikina a Madawa da Illela da za su tambayo mana sunayen wajensu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.